Yawon keke a tuddan Kiyanti (L'Eroica)

Kiyanti, wanda su Italiyawa ke rubutawa Chianti, yanki ne na tuddai a jihar Tuskani ta ƙasar Italiya, tsakanin birnin Fulorens daga arewa da birnin Siena daga kudu. An fi saninsa da gonakin inabi da na zaitun da kuma giyar inabin da ake yi a wurin, amma a wajen masu keke sunan da ya yi daban ne, saboda nan ne ake yin L'Eroica, wato hawan keke na yini guda da ake yi duk shekara a farkon watan Oktoba, a tashi daga ƙauyen Gaiole a dawo Gaiole. Ma'anar kalmar dai kamar ka ce "ta jarumai".

Yadda ƙasar take

Babu shimfiɗaɗɗen fili a Kiyanti, ko kana hawa ko kana gangara. Gaiole ɗin kanta tana cikin kwari ne, mutanenta ma ba su kai dubu uku ba, su kuma Radda da Castellina suna kan tudu sama da mita 500, kuma waɗannan ƙauyuka ukun su ne asalin Kiyanti tun zamanin da Fulorens da Siena ke yaƙi da juna, shi ya sa kusan duk ƙauyen da ka shiga za ka tarar da ganuwa ko hasumiyar tsaro. A 1716 ne sarkin Tuskani Cosimo na Uku ya shata iyakar yankin da za a kira giyar da ake yi a cikinsa Kiyanti. Tambarin yankin baƙin zakara ne, inabin da aka fi shukawa kuma sunansa Sangiovese.

Abin da ya fi komai muhimmanci ga mai keke shi ne hanyoyin da suke kira strade bianche, fararen hanyoyi. Burji ne kamar namu, sai dai namu ja ne nasu fari fat saboda irin dutsen da aka niƙa aka zuba. Hanyoyin gona ne tun asali. Ɗaruruwan shekaru manoman wurin suna noma ƙasar masu gida ne a raba amfani biyu, to da wannan tsari ya rushe a shekarun 1950 da 1960 sai mutane suka watse zuwa birane neman aikin masana'anta, gidajen gona suka zama kango, hanyoyin kuma waɗansu aka bar su haka nan waɗansu aka fara bi ana zuba musu kwalta ɗaya bayan ɗaya.

Asalin L'Eroica

Wani ɗan Gaiole mai suna Giancarlo Brocci ne ya kafa ta a 1997, kuma mutum 92 kacal suka hau a karon farko. Manufarsa biyu ce, a tuna da irin wahalar da ƴan tseren zamanin da suka sha lokacin da babu kwalta, sannan a sa mutane su ga darajar fararen hanyoyin kafin a binne su gaba ɗaya. Ni a ganina wannan ta biyun ita ce babbar nasarar abin, don hanyar da ake ganinta a matsayin alamar talauci da ci baya yanzu ita ce ke kawo dubban baƙi daga ƙasashe daban-daban, masu masauki da masu abinci na ƙauyukan suna samu, kuma ba mai son a taɓa ta.

Dokar keken ita ce ta bambanta ta da sauran. Sai keken tsere na ƙarfe ƙirar 1987 ko kafin nan, ko sabo da aka ƙera a kan wancan salon, abin canza giya yana jikin ƙarfen keken ta ƙasa ba a hannu ba (giyar keke fa ake nufi a nan), wayar birki a waje ana ganinta, feda kuma mai maɗaurin fata da ake cusa ƙafa a ciki. Yawancin mahaya rigar ulu suke sakawa irin ta da. Ba tsere ba ne, ba wanda ake ba kofi don ya riga kowa, kati ake ba ka ana buga maka hatimi a kowane zango.

Yadda yinin yake tafiya

Akwai hanyoyi daban-daban gwargwadon ƙarfin mutum, ƙarama kilomita 46, akwai ta 135, babbar kuma 209, wadda in aka haɗa hawan da ke cikinta ya haura mita 3,000. Masu doguwar tun da asuba suke tashi, gari bai waye ba, kowa da fitila a kekensa ga sanyin kaka. Hawa na farko mai suna shi ne na gidan sarauta na Brolio, ana jera fitilu a gefen hanya tsakanin dogayen itatuwa, mutum ba ya jin komai sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da nishin na kusa da shi. Gidan na iyalin Ricasoli ne, kuma Bettino Ricasoli wanda ya zama firaministan Italiya a 1861 shi ne ya tsara haɗin irin inabin da za a yi giyar Kiyanti da su a 1872.

Daga nan sai a ratsa ta gefen Siena a yi kudu, ƙasa ta canza kama, dazuzzuka su ragu a shiga tuddan yumɓu tsirara da ake kira Crete Senesi, a hau Montalcino, a sauko ta Buonconvento da Asciano. Bayan Asciano ne Monte Sante Marie take, burji na kusan kilomita 11 da rabi, hawa da gangara a jere, wani wurin tsananin hawan ya kai kashi 18 cikin ɗari, kuma a lokacin mutum ya riga ya yi sama da kilomita ɗari rana ta take. A nan da yawa suke sauka su tura, don giyar tsofaffin kekunan nauyi gare ta, in ka miƙe tsaye kan feda tayar baya ta zame a tsakuwa, in ka zauna kuma ƙafa ta kasa juyawa. Gangarar ma ba hutu ba ce, ga gargada ga birkin da ba ya kamawa sosai, hannu har sagewa yake. Faci kuwa ba a magana, shi ya sa za ka ga wasu sun rataya tayar sifiya a kafaɗa kamar yadda ƴan tseren zamanin da suke yi.

Abinci a zango

Mutanen ƙauyukan ne ke dafawa. Akwai ribollita, miyar wake da kabeji da ragowar burodi, akwai burodin Tuskani wanda ba a sa masa gishiri a zuba masa man zaitun, da cuku na madarar tumaki, da inabi ɗanye tunda lokacin girbinsa ne. Ana kuma ajiye giya da yankakken naman alade a teburin, don haka Musulmin da ya je sai ya riƙa tambaya kafin ya ɗauka, har ita miyar ma gara a tambayi me aka sa a ciki.

Abin da ya biyo baya

A 2007 aka fara tseren ƙwararru a kan waɗannan hanyoyin, wanda yanzu ake kira Strade Bianche, ana yinsa farkon Maris a ƙare a dandalin Piazza del Campo na Siena, na mata kuma ya fara a 2015. Fabian Cancellara ɗan Suwizalan ya ci sau uku, a 2008 da 2012 da 2016, har aka sa wa Monte Sante Marie sunansa. Ita kuma hanyar kilomita 209 ɗin an kafa mata alluna na dindindin, kowa na iya binta a kowane lokaci da kowane irin keke, mutane da yawa ma raba ta suke kwana biyu ko uku suna kwana a ƙauyuka. Watan Mayu da Satumba sun fi daɗi, Yuli da Agusta zafi ne da ƙura, kuma tsakanin wasu ƙauyukan ba shago ba famfo, sai ka cika gorarka tun daga baya.