Sabawa da kula da suga bayan an gano ciwon suga nau'i na ɗaya

Ciwon suga nau'i na ɗaya shi ne wanda jiki ke daina yin insulin, ko ya rage ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, saboda garkuwar jikin mutum da kanta ta juya ta kashe ƙwayoyin da ke yin sa a cikin pankiriyas, wata gaɓa doguwa da ke kwance a bayan tumbi. Insulin ɗin nan shi ke shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka da sauran sassan jiki, to in babu shi sai sugan ya taru a jini, mutum na ci amma jikinsa na cikin yunwa. Ya fi kama yara da matasa, amma babba ma bai tsira ba. Ba shan zaƙi ke kawo shi ba, ba jifa ba ne, ba a kuma ɗauka daga wani, kuma ya bambanta da nau'i na biyu da aka fi sani a wajen manya, wanda sau da yawa ƙwaya da gyaran abinci kan riƙe shi. Wannan kam sai allura, kullum, har ƙarshen rayuwa. Wani ƙiyasi ya nuna a 2021 mutum wajen miliyan 8.4 ne ke ɗauke da shi a duniya.

Kafin 1921 wanda ya kamu da shi ba ya daɗewa. A shekarar ne Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, a watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, ya kuma rayu. Tun daga nan aikin ya zama ɗaya, abin da pankiriyas ke yi da kansa dare da rana ba tare da kowa ya sani ba, yanzu mutum ne zai yi shi da hannunsa da lissafinsa.

Makonnin farko

Yawanci ana gano shi ne bayan ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari, rama duk da ana cin abinci, yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yi, wani lokacin ma uwa ce za ta lura kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. Da yawa sai sun galabaita ake kai su asibiti, da amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama, a fara ba su maganin maleriya ko taifod kafin wani ya tuna ya auna suga.

Akwai abu ɗaya da ke ruɗa iyalai sosai bayan an fara allura. Bayan 'yan makonni sai a ga ciwon ya lafa, insulin ɗin da ake buƙata ya ragu ƙwarai, sugan ya daidaita kamar ba komai. Dalili shi ne ragowar ƙwayoyin da ba su gama mutuwa ba sun ɗan samu hutu sun farfaɗo, yakan ɗauki watanni, wani ya kai shekara, sannan ya wuce. A daidai nan ne wani zai zo da jiƙon shuwaka ko garin zogale ko rubutu a ce ai ga shi an warke, a ajiye allura, bayan ɗan lokaci a koma asibiti ranga-ranga. Zogale abinci ne mai kyau, addu'a kuma ba mai hana ta, amma babu ganye ko saiwar da ke maye gurbin insulin. Likita zai iya rage yawan allurar a wannan lokacin, dainawa ce dai ba a yi.

Allurar kanta

Jiki na buƙatar insulin iri biyu, na ƙasa-ƙasa da ke aiki dare da rana ko ba a ci komai ba, da na abinci da ake yi a kowane ci. Inda hali ya yi ana haɗa mai dogon aiki irin su Lantus sau ɗaya a rana da mai saurin aiki irin su NovoRapid ko Humalog dab da cin abinci. Inda kuɗi ya yi ƙaranci an fi samun Actrapid, wanda sai an yi shi da kamar minti 30 kafin a ci, da Insulatard mai fari-fari da ake murzawa a tafin hannu kafin a ja, ko kuma Mixtard da aka riga aka gauraya ana yi safe da yamma. Mixtard ya fi sauƙin sha'ani amma fa shi ke juya mutum, in ka yi shi da safe dole ka ci abincin rana a kan lokaci ko kana jin yunwa ko ba ka ji.

Ana yin allurar a ƙarƙashin fata, a ciki ko cinya ko ɗuwawu ko damtse, kuma a riƙa canza wuri, don wurin da aka nace masa yakan yi tudu mai tauri, yara ma sun fi son nan ɗin tunda ba ya zafi, alhali insulin ba ya shiga jiki daidai ta wurin. Sai batun sirinji da mutane ke rainawa: akwai insulin mai ƙarfin U-100 akwai U-40, kowanne da sirinjinsa, in aka ja U-100 da sirinjin U-40 an yi ninki biyu da rabi ke nan na abin da likita ya rubuta. A duba kwalba a duba sirinji tun a kemis.

Awo da lambobi

Da ɗan mashin ɗin awo ake huda gefen yatsa a ɗiga jini, kafin kowane abinci da kafin kwanciya, da duk lokacin da jiki ya ba da wata alama. Abin da aka fi nema ga babba shi ne 80 zuwa 130 mg/dL kafin abinci, ƙasa da 180 bayan awa biyu da ci. Wasu mashinan da mmol/L suke nunawa, a ninka lambar da 18 a samu mg/dL, a Nijar kuma takardun asibiti kan zo da g/L, wato 0,70 daidai yake da 70. Duk wata uku akwai gwajin HbA1c da ke nuna yadda sugan ya kasance a tsawon lokacin, ana son ya sauka ƙasa da kashi 7. Akwai kuma 'yar na'urar da ake mannawa a damtse irin FreeStyle Libre, tana kwana 14 tana awo ba huda yatsa, sai dai tsada.

Dalilin duk wannan wahalar ya fito ne a wani babban bincike da ake kira DCCT da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 1,441, sakamakonsa ya fito a 1993. Waɗanda suka matsa wa awo da allura sau uku ko fiye a rana haɗarin lalacewar ido ya ragu musu da kashi 76, ciwon jijiya da wajen kashi 60, ƙoda ma haka ta samu sauƙi, amma kuma faɗuwar suga mai tsanani ta ninka musu kusan sau uku. Shi ya sa ba a cewa kawai a yi ta danna suga ƙasa.

Kuma gaskiya lambar ba ta biyayya kullum. Tuwo ɗaya, allura ɗaya, yau 140 gobe 230, saboda rashin barci ko fargabar jarrabawa ko al'ada ko balaga, ko hawan da suga ke yi da asuba shi kaɗai. Iyayen da ke tsare yaro da "me ka ci a ɓoye" duk sanda lamba ta hau, abin da suke koya masa shi ne ya daina nuna musu mashin ɗin, ko ya rubuta ƙarya a littafi, kuma da littafin nan likita ke gyara allura.

Abinci

Ba a hana mai nau'i na ɗaya tuwo, balle yaro mai girma. Abin da ake koyo shi ne gane abincin da ke zama suga da kimanta yawansa a daidaita shi da allura. Tuwon shinkafa, tuwon masara, waina, gurasa, burodi, doya, rogo, fura, koko da kunu duk suna ɗaga suga, masu ruwa-ruwan sun fi saurin ɗagawa. Alkama da acca da ake ta cewa abincin masu suga, su ma suna ɗagawa, malmala biyu ta tuwon alkama ba ta zama magani ba. Wake na hawa a hankali, nama da kifi da ƙwai da ganye kuwa kusan ba ruwansu. Dabarar da ta fi aiki a gida ita ce a ware wa mutum kwanonsa da ludayinsa, don in ana ci a tire ɗaya da 'yan'uwa ba mai iya cewa ga abin da ya shiga cikinsa.

Idan ya faɗi, idan ya hau

Ƙasa da 70 suga ya faɗi. Rawar jiki, gumi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, wani ya yi ta masifa ba dalili ko ya riƙa magana kamar wanda ya sha wani abu. Nan take a sha babban cokali ɗaya na suga ko zuma, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, a jira minti 15 a sake awo, in bai hau ba a ƙara. Shi ya sa alewa ba ta rabuwa da aljihu, kuma malamin aji da na Islamiyya da abokan ƙwallo ya kamata su sani. Ƙwallo ko yinin noma na iya jawo faɗuwar ta biyo dare ana barci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe, a yi masa allurar glukagon mai ɗaga suga in akwai, a garzaya asibiti.

Ranar zazzaɓi kuma kuskuren da aka fi yi shi ne tunda bai ci abinci ba bari a bar allura. Rashin lafiya ɗaga suga take yi, jiki in ya rasa insulin sai ya koma ƙona kitse, wani guba mai suna kiton ya taru a jini, abin da ke kisa ke nan. A ci gaba da insulin, a sha ruwa sosai, a yi awo duk awa biyu zuwa huɗu, in ya wuce 250 a gwada kiton a fitsari, in amai ya ƙi tsayawa sai asibiti.

Zafi da azumi

Insulin da ba a buɗe ba firij yake so, digiri 2 zuwa 8, kar ya daskare. Wanda aka buɗe yakan yi kamar sati huɗu a waje in an kare shi daga rana. Inda ba wuta ana sa kwalbar a leda ko roba mai murfi a ajiye cikin tukunyar ƙasa da aka zaunar a cikin wata, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don ajiye kayan miya har ya samu kyautar Rolex a 2000. Wani bincike na ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da Jami'ar Janiba ta Switzerland da ya fito a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna insulin bai rasa ƙarfinsa ba tsawon sati huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37.

Azumi kuwa, likitoci na lissafa mai nau'i na ɗaya cikin masu haɗari sosai, musamman sabon kamu, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Wanda sugansa ya daidaita ya kuma nace zai yi, ya ga likita makonni kafin watan ya kama a gyara masa allura, ya riƙa awo da rana tunda huda yatsa ba ya karya azumi, in ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300 ya karya azumin nan take ko da saura minti goma a kira magariba.