Amsoshi kan saitin kafireton inji mai bugu biyu

A wurin aikina da ke kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina, ba a yin mako guda ba a maimaita mini waɗannan tambayoyi ba, daga masu tsoffin Suzuki da Jincheng har masu ƙaramin janareta.

Ina zan juya sukurun iska?

Ɗaurewa na rage iska, kwancewa na ƙara ta. Ka ɗaure shi a hankali har ya zauna, ka kwance zagaye ɗaya da rabi, sannan ka nemi inda silo, wato aikin inji ba tare da an ja totur ba, ya fi daidaita. Kada ka matse shi da ƙarfi, bakinsa zai lalace.

Zan iya zura waya in buɗe jet?

A'a. Jet, wato ɗan sukuru mai ƙaramin rami da mai ke bi a cikin kafireto, na tagulla ne, waya kuma faɗaɗa ramin take yi. Ka wanke da fetur, ka hura iska.

Babur ɗina yana lafiya da safe, amma da rana sai ya yi nauyi. Jet zan canja?

Malam, kada ka yi gaggawa. Iskar sanyin hunturu ta fi kauri, saboda haka saitin da ya dace da asubahin Janairu yakan zama mai ya yi yawa a zafin Afrilu. Sai dai kafin a zargi jet, a duba soson iyakilina mai tace iska, domin ƙurar hunturu kan toshe shi, injin ya riƙa shan mai fiye da kima. Na sha ciro soso ya yi jawur kamar an tsoma shi a jar ƙasa, mai babur kuwa ya riga ya sayo sabon jet. Idan soson yana da tsabta, ka lura da inda nauyin yake. Daga silo zuwa kwata na totur aikin ƙaramin jet ne, tsakiya ta allurar kafireto ce, ƙarshen totur kuma na babban jet. Idan sai ka kwance sukuru ya wuce zagaye biyu da rabi kafin injin ya daidaita, mai yiwuwa ƙaramin jet ya yi girma. Duk da haka, salansar da baƙin hayaƙi ya cika ta ma tana kawo irin wannan nauyi, don haka a riƙa canja abu ɗaya a lokaci guda.

In rage jet don in tsimi mai?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata mini rai. A irin wannan inji, ƙarancin mai zafi yake jawowa, zafi kuma ya kama fistin. Kuɗin lita ɗaya za ka tsira da shi, ka biya na fistin da ringi.

Fulogina ya yi ruwan ƙasa-ƙasa.

Kwantar da hankalinka, haka ake so. Baƙi mai danshi alamar mai ya yi yawa ne. Idan ka ga ya yi fari fat, kashe injin nan take ka kawo shi a duba.