Mayar da mota mai makulli zuwa mai maɓalli: tambayoyi da amsoshi

Masu tsofaffin Corolla da Camry da Accord 'yan Kwatano da yawa na sha'awar abin da sababbin motoci ke zuwa da shi: ƙofa ta buɗe da kanta in ka matso, ka danna maɓalli inji ya tashi, ko ka tayar da shi daga cikin gida sanyin AC ya kama kafin ka fito. Ana iya sakawa. Amma abin da ake cirewa a motar ya fi abin da ake ƙara mata muhimmanci.

Me ake sakawa ne a zahiri?

Ƙaramin akwati mai ƙwaƙwalwa, da eriya, da rimot, da maɓallin kansa. Akwatin ne ke karɓar aikin makulli. Ana haɗa shi da wayoyin da ke ƙarƙashin sitiyari: mai kawo wuta daga batir, ta rediyo, ta kunna inji, da ta kik. Sai wayar birki, domin kada mota ta tashi sai an taka shi, da wayoyin kulle ƙofa.

Makullina mai kan roba ne, an ce akwai ƙwayar tsaro a ciki. Ya za a yi da shi?

Nan ne gizo ke saƙar. Ƙwayar tana magana da wani zobe da ke kewaye da ramin makulli, in ƙwaƙwalwar mota ba ta ji lambar da ta sani ba, kik zai juya amma inji ba zai kama ba. Jamus da Birtaniya sun wajabta wannan tsari a sababbin motoci tun 1998, don haka yawancin 'yan Beljiyam suna da shi.

Hanyar arha ita ce a ciro ƙwayar a manna ta da tef kusa da zoben, ko a ɓoye makulli guda a ƙarƙashin dashbod. Motar za ta tashi, amma daga ranar ta daina tambayar kowa shaida. Ni dai ban yarda da wannan ba. Akwai na'urar da aka yi don wannan aiki, irin ta iDatalink da Fortin, wadda ke koyon lambar ta miƙa ta lokacin tayar da inji kawai. Ta fi tsada, kuma sai an nemo wadda ta dace da samfurin motar da shekararta.

Sitiyarin fa, ba makulli ne ke sakinsa ba?

Shi ne. Dole a cire ƙarfen da ke kulle shi, ko a yanke kan makulli a bar guntun a ciki a murɗe. Ko wanne aka yi, kullen sitiyari ya tafi. Abin da ba a wasa da shi: in aikin bai yi kyau ba, ƙarfen na iya komawa ya riƙe sitiyari ana cikin tafiya. Mai son tayarwa daga nesa kaɗai ba ya bukatar taɓa wannan, domin da makullinsa zai tuƙa.

Mai giyar hannu za ta karɓa?

Maɓalli da buɗe ƙofa, ƙwarai. Tayarwa daga nesa kuwa haɗari ne, tunda mu kan bar mota a giya in mun ajiye. A danna rimot, ta zabura ba kowa a ciki, alhali yara na wasa a ƙofar gida. Sai da akwati mai tsarin da ke tabbatar da an bar ta a firi kuma an ja birkin hannu.

Yana shan batir?

Kaɗan, domin eriyar ba ta barci. A sa mita a auna wutar da ake ja daga batir bayan an kulle mota ta yi shiru: abin da ya wuce miliamf 50 sosai yana bukatar bincike.

Me zan lura da shi wajen mai wayarin?

Ka tsaya a kansa. Ya cire kan batir kafin ya yanka komai. Ya yi gwaji da mita, ba da kwan fitila ba, kuma ya nisanci wayoyi masu rigar rawaya, na jakar iska ne. Ya liƙe mahaɗa da dalma, domin wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da baƙin tef takan saki a zafin watan Afrilu. Ya sa fis. Ya kuma sa madannin bonet, wanda ke hana inji tashi in bonet na buɗe, kada hannun makanike na kan bel wani ya danna rimot a aljihu.

Zan iya tayar da ita a gareji a rufe?

A'a. Hayaƙin salansa na ɗauke da iskar guba marar wari da ke kisa, kuma tana ratsawa zuwa ɗakin da ke jikin garejin. Yawancin akwatunan na kashe injin bayan minti 10 zuwa 15, amma a rufaffen wuri wannan ma ya isa ya yi ɓarna. A fito da motar fili tukuna.