Ƙarafa masu wuyar tacewa: illarsu a wurin aiki da rawar da ƙwayoyin gado ke takawa

Ƙarafa masu wuyar tacewa, waɗanda kafofin labarai kan kira ma'adanai masu wuyar samu, a Faransanci kuma terres rares, rukuni ne na sinadarai 17: guda 15 na dangin lantanom, masu lamba 57 zuwa 71 a jadawalin sinadarai, sai iskandiyom da itiriyom. Sunan "wuyar samu" yana ruɗar mutane, domin ɗaya daga cikinsu, siriyom, yawansa a cikin ƙasa ya kai na jan ƙarfe. Wahalar tana wajen raba su, saboda a cakuɗe suke zuwa kuma halinsu kusan ɗaya ne. An tsinci dutsen farko mai ɗauke da su a 1787 a ƙauyen Ytterby na Suwidin. A yau Sin ce ke haƙo mafi yawansu, musamman a Bayan Obo, kuma ita ce ke tace kusan duka.

Inda ma'aikaci ke haɗuwa da su

A Damagaram ƙarafan nan a cikin kaya suke shigowa. Ƙanƙarar da ke ba da wuta a laita haɗin siriyom ne da baƙin ƙarfe. Ɗan maganaɗisun da ke cikin sifikar salula, wanda ke manne wa sukundireba har sai an ɓamɓare shi, na niyodimiyom ne. Farar hodar da ke cikin dogon ƙwan lantarki tana ɗauke da itiriyom da yurofiyom da tarbiyom, ga kuma zaiba. Masu goge gilashin tabarau suna aiki da hodar siriyom. A waldar argon, tsinken tungistin da ake wasa wa baki kan ƙunshi kusan kashi 2 cikin 100 na siriyom ko lantanom ko toriyom, ana gane su da launin fentin gindinsu, ja shi ne mai toriyom. Matatun mai kuma, sana'ar da ta shigo jihar da buɗe matatar SORAZ a 2011, kan yi amfani da hoda mai lantanom wajen fasa mai mai nauyi ya zama fetur.

Riƙe salula ko ƙyasta laita ba ya cutar da kowa. Matsalar tana farawa idan an fasa, an niƙa, an wasa ko an ƙona. Yaron shagon gyaran waya a Kasuwar Dole da ke hura ƙura da baki daga tsohuwar sifika, ko ɗan gwangwan da ke farfasa ƙwayayen lantarki ya cire marfin alminiyom, hodar tana tashi daidai hancinsa, su ne ke tsaye a bakin hanyar.

Yadda suke shiga jiki

Hanji ba ya tsotsar ƙarafan nan sosai, abin da ke wucewa cikin jini bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da aka haɗiye ba. Babbar ƙofa ita ce huhu. Ƙura mai laushi tana sauka har ƙananan jakunkunan iska, ƙwayoyin da ke share huhu su haɗiye ta, su kasa narkar da ita, sai ta zauna shekara da shekaru. Wadda ta samu shiga jini tana taruwa a hanta da ƙashi. Girman ƙwayar lantanom da gadoliniyom ya yi kusa da na kalsiyom, shi ya sa suke iya zama a gurbinsa su toshe hanyoyin da jijiyoyi da tsoka ke amfani da su.

Cutar da aka fi tabbatarwa ita ce tabon huhu. An fara ganinta a Turai a jikin ma'aikatan maɗaba'a da masu haska silima, waɗanda suka yi shekaru suna shaƙar hayaƙin fitila mai sandar gawayi da aka cusa wa siriyom don ƙara haske, daga baya kuma a jikin masu goge gilashi. Huhu kan yi tauri, numfashi ya gajarta, busasshen tari ya ƙi ƙarewa, a wasu ma har siraran ƙasusuwa kan tsiro cikin naman huhun. Tabon da ya riga ya zauna ba ya gogewa.

Darasi na biyu daga asibiti ya fito. Gadoliniyom da ake yi wa allura kafin hoton MRI an gano a 2006 cewa yana da alaƙa da wata cuta mai sandarar da fata da gaɓoɓi, kuma kusan duk waɗanda ta kama masu ciwon ƙoda ne mai tsanani. Allura ɗaya, mai lafiyar ƙoda ya fitar da ita a fitsari, marar lafiya ta zauna masa.

Abokan tafiya

A mahaƙa da masana'antar tacewa, sau da yawa abin da ya zo tare da ƙarfen ya fi shi haɗari. Yashin monazit, wanda ake samun ƙarafan nan a cikinsa, yana ɗauke da toriyom mai fitar da tururin nukiliya, tacewa kuma tana cin ruwan asid mai yawa. A Bukit Merah ta Malesiya an rufe wata masana'anta a 1994 bayan doguwar shari'a da mazauna garin, waɗanda suka danganta sankarar jini da nakasar jarirai da shararta. Kusa da gida, tarin ƙasar da haƙar kuza ta bari a tsaunin Jos yana ɗauke da monazit, kuma duwatsun Jos dangi ɗaya ne da na Damagaram da Muniyo da Ayar.

Gado

Kowane tsohon mai walda ya san mutum biyu da suka yi aiki a rumfa ɗaya, ɗaya ya tsufa garau, ɗaya ƙirji ya kwantar da shi. Wani ɓangare na bambancin yana cikin ƙwayoyin gado. Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: mai ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ƙarancin da ya yawaita a Afirka ta Yamma, lafiyarsa lau har ranar da ya sha magani irin firimakwin na zazzaɓin cizon sauro, jininsa ya fara fashewa.

A fagen ƙarafa, misali mafi ƙarfi shi ne beriliyom, wanda ba ya cikin rukunin 17 ɗin. A 1993 masu bincike suka nuna cewa mafi yawan ma'aikatan da ciwon huhunsa ya kama suna da wani nau'i na ƙwayar gado HLA-DPB1, wanda ke sa garkuwar jiki ta ɗauki ƙarfen a matsayin abokin gaba. An ga makamancin haka a ciwon huhu na kobalt. Akwai kuma wani nau'i na ƙwayar gado MUC5B da aka danganta da tabon huhu a 2011, da ƙarancin alfa-1 antitirifsin, sinadari mai kare huhu, wanda rashinsa ke sa hayaƙi ya lalata huhu da wuri, da ƙwayoyin gado irin GSTM1 masu taimaka wa jiki kawar da guba, waɗanda wasu mutane ba su da su sam. Waɗannan hanyoyi, wato kumburi, garkuwar jiki da kawar da guba, su ne masu bincike ke bi a kan ƙarafa masu wuyar tacewa, amma babu gwajin gado da likitoci suka amince da shi don tantance ma'aikatansu.

Ko a beriliyom gwajin bai zama mafita ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da nau'in, mafi yawansu ba sa kamuwa, wasu marasa shi kuma suna kamuwa. Mai masana'antar da ya kori masu nau'in ya bar ƙurar yadda take ya jefar da tsintsiya ne ya riƙe shara. Amurka ta hana masu ɗaukar aiki amfani da bayanan gado da wata doka ta 2008. Taba sigari, tsohon tarin fuka da ƙurar hunturu kuwa suna ƙara wa huhu nauyi ko wane irin gado mutum ya ɗauko.

Kariya da gano cuta

A Amurka iyakar itiriyom a iskar wurin aiki miligiram 1 ce a kowace mita kubik cikin awa 8, yawancin sauran ba su da iyaka ta kansu. Matakan kariya su ne na kowace ƙura mai guba: wasa tsinke da ruwa ko kusa da na'urar zuƙe ƙura, share shago da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, takunkumi mai matata irin FFP2 ko FFP3, da barin kayan aiki a wurin aiki. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare ƙura mai laushi, madarar da masu walda ke sha bayan aiki kuma ciki take tafiya, ba ta bi ta huhu. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ta shiga gidaje ne ta dutsen da ake niƙawa a tsakar gida da tufafin masu haƙa.

A hoton ƙirji ana iya ɗaukar tabon ƙura a matsayin tarin fuka, don haka mai tarin da gwajin majina bai nuna komai ba ya kamata ya faɗa wa likita duk sana'ar da ya taɓa yi, har wadda ya bari shekara 20 da suka wuce. A Nijar asusun CNSS ne ke biyan diyyar cutar da aiki ya jawo, ga ma'aikacin da aka yi wa rajista. Yaran shago da ƴan gwangwan galibi ba sa cikin wannan lissafi.