Yaro mai yawan ƙifta ido ba da gangan yake yi ba

Jama'a, nan Yamai mun saba jin ana cewa yaron da ke yawan ƙifta ido ko girgiza kai ko gyaran murya wai da gangan yake, tunda gaban mushe, wato malaminsa, a lakwal yana dainawa sai ya dawo gida ya tashi da abin.

Gaskiya yana iya dannewa, amma na ɗan lokaci ne kawai. Daga ƙwaƙwalwa abin yake tasowa, yawanci tsakanin shekara 4 zuwa 6 yake somawa, ya fi tsanani wajen 10 zuwa 12, kuma ya fi kama yara maza. Kafin motsin ya zo, yaran da suka ɗan tasa suna jin wani abu yana taso musu kamar atishawa, in sun riƙe sai hankalinsu ya rabu biyu, wani ma karatun ba ya shiga. Gida ne wurin da yake sakin jiki shi ya sa kuke gani.

Gwada da kanka, riƙe idonka minti guda kar ka ƙifta, za ka ji yadda yake.

Tsawa da duka ƙara shi suke, haka gajiya da damuwa. In abin ya wuce shekara guda bai daina ba a kai yaron likita, da yawa dai yana raguwa in sun girma.

Don Allah ku tura ma iyaye da malamai.