Don Allah a daina sayen kafso na dari biyu

Jama'a wallahi abin nan ya ishe ni. Kusan kullum sai an kawo mana mutum asibiti daga Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba, zazzabi ya ki sauka ko fitsari na masa zafi sati biyu, ka ce Malam me ka sha, sai ya zaro leda daga aljihu, kafso ja da yalo guda uku, Ampiclox rabin kati, ga Flagyl da wani dan dakinsu ya rage masa. Wa ya rubuta maka? Shiru. Kwana nawa ka sha? Wai ai da na ji sauki sai na ajiye.

Kuma sai ka ji ana cewa jikina ne ya saba da maganin. Alhaji ba jikinka bane, kwayar cutar ce. Cikin miliyoyin da suka shige ka akwai 'yan kadan da suka zo da dan bambanci, magani bai cika kama su ba. Ka hadiye kafso biyu, raunanan suka mutu ka ji dama-dama ka koma kasuwa, masu taurin kan nan suka rage kuma yanzu fili nasu ne, wasu in sun samu wuri cikin minti 20 daya ta zama biyu, to lissafa min zuwa gobe da safe. Irin tacewar da masanin halittu Darwin ya yi bayani tun 1859 kenan, mai jurewa shi ke barin baya, sai dai a nan kai ne kake tace su da kudinka. Su za ka kai wa iyalinka da mutum takwas din da kuke kwana daki daya.

Wanda yake ganin surutu ne ya tambayi manya labarin kulorokwin, mai sa kaikayin nan. Da shi ake kwantar da maleriya shekara da shekaru, a hankali ya daina ci, a 2005 Najeriya ta sauke shi aka koma hadin maganin maleriya da ake kira ACT. Shi kansa Fleming da ya gano maganin fenisilin a 1928, a 1945 sai da ya yi kashedi a kan shan kasa da kima. Binciken da mujallar Lancet ta buga ya ce a 2019 kadai mutum miliyan 1.27 suka rasu sanadin kwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ta Yamma ce a sama. Mu ke nan fa.

Masu tarin tibi ku ne kuka fi bani tausayi kuma kuka fi bani haushi. Magani kyauta, wata shida ne kacal, sai mutum ya yi wata biyu ya dan yi kumari damina ta fadi ya hau mota Arewa noma bai fada wa kowa ba. In ya dawo da wanda baya jin magani jinyar ta fi tsawo ta fi wuya, da ya zo ya yi sallama ai da an hada shi da asibitin garinsu.

Hajiya ke ma, yaro na mura ko zawo an ce hakori ne sai a bare ja da yalo a zuba a koko. Haba. Mura ba ta jin kafso, kuma wannan ba a ba yaro kasa da shekara 8, bata hakora yake. Na san kin yi ne don kauna, amma ki bari.

A takaice dai:
Kar a saya wajen mai talla a faranti, ko ka ce wa mai kemis bani na dari biyu.
A yi gwaji tukuna, ba kowane zazzabi bane taifot.
Yadda aka rubuta haka za a sha, har ranar da aka ce.
Ragowar wani ba naka bane.
Zawon yara ORS da zinc, in ga jini ko ya ki sha a garzayo.

In za ku zo kuma ku taho da ledar nan duk abin da ke ciki, kar a boye, fada kadan zan yi, amma sai na ga me aka sha kafin mu san me ya rage da zai yi aiki.