Ba Nutsewa Garin Rumawa Ya Yi Ba

Duk sanda aka tono gidajen Rumawa, mutanen tsohuwar daular Rum, a ƙarƙashin wani gari a Ingila, sai ka ji ana cewa ai ƙasa ce ta haɗiye su. Ba haka ba ne. Gine-ginen suna nan inda magina suka kafa su, ƙasar ce ta yi ta tasowa a kansu.

Ɗauki Sairensesta, wani garin kasuwa a yammacin Ingila. A zamanin Rumawa sunansa Korinium, kuma in ka cire Landan babu garin da ya kai shi faɗi a Birtaniya. A 1849 ana haƙa magudanar ruwa a titin Dyer, sai ma'aikata suka ci karo da daɓen wani babban gida, an jera ƙananan duwatsu masu launi har sun ba da hoton karnukan farauta. Yanzu yana gidan tarihin garin.

Mutane ne suka binne garin Rumawan. Bayan mulkin Rumawa ya ƙare wajen shekarar 410, rufin gidaje ya rufta, magina na baya suka kwashe duwatsun bango don nasu aikin, shi ya sa galibi daɓe da harsashin gini kaɗai ake tararwa. Toka, shara da ɓaraguzai suka taru, kowane zamani ya baje na baya ya ɗora nasa. Wanda ya san tsofaffin unguwannin Kano, inda sai ka gangara kafin ka shiga zaure, ya ga irin wannan. Filin wasannin Rumawan kuwa, da yake a bayan gari yake, ba a yi ta ɗora gine-gine a kansa ba, tudunsa na nan a fili.